Shekarar da kuran ya zo, ruwan bashi ya hau

Jama'ar Tchiro, a 1981 ne SONICHAR ta fara ba Arlit kuran daga gawayin Anou Araren. Zamanin Kountché ke nan: kuɗin iraniyom na shigowa, gwamnati na cin bashi a waje, wani ma ruwansa ba tsayayye ba ne, kasuwa yake bi. Sai Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa har wajen kashi 20 cikin 100, ga farashin iraniyom ya faɗi. A shekarun nan manyan kamfanonin waje suka fara musayar ruwa mai hawa da tsayayye, don su kare kansu. Mu kam, wa zai ƙulla da mu? A 1983 sai ga Nijar gaban FMI da Kulob ɗin Paris, tana neman a jinkirta mata biya.