Fim ɗin Soja da Ya Sauya Kamannin Fuska

Wani mai karatu daga Dakoro ya aiko da tambaya a kan hotunan da ya gani a waya, na wasu mayaƙan Kwango tsaye cikin daji ja wur, yana neman sanin ko aikin kwamfuta ne. Jawabi shi ne a'a, fim ɗin kyamara ne, kuma asalinsa na yaƙi.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, yayin da sojan Amurka ke neman dabarar gano makaman da abokan gaba kan lulluɓe da koren fenti da yankakkun rassa, kamfanin Kodak ya sarrafa musu fim mai kama hasken infared, wanda Allah bai hore wa idon ɗan Adam ganinsa ba. Da yake ɗanyen ganye yana mayar da wannan haske ƙwarai, alhali fenti ba ya mayarwa, sai daji ya fito ja, abin da aka ɓoye kuwa asirinsa ya tonu. Da aka juya shi kan fuska sai ga abin al'ajabi, domin hasken yana ɗan ratsa fata kafin ya dawo: ƙuraje su dushe, fata ta yi sumul, baƙin mutum ya yi haske, jijiyoyi su bayyana, jan rawani ya koma ruwan ɗorawa. Mawaƙan ƙasashen Yamma sun yi yayinsa, har mai ɗaukar hoto Karl Ferris ya ɗauki mawaƙi Jimi Hendrix da shi a 1967.

Saɓani bai taso ba sai bayan Kodak ya daina yin samfurin da ake kira Aerochrome a 2009, sa'ad da Richard Mosse, mai ɗaukar hoto mutumin Ayalan, ya tafi da ragowarsa gabashin Kwango a 2010, ya ɗauki 'yan tawaye da bindigoginsu cikin tsaunukan Kibu masu ruwan hoda. Wasu masana suka ce ya yi wa bala'i kwalliya don masu kuɗi su rataya a bango. Wasu suka kafa hujja da cewa yaƙin da duniya ta gaji da ji, launin ne ya tilasta mata ta sake dubawa. Ni dai na fi karkata ga na biyu, ko da yake zargin farko bai rasa ƙamshin gaskiya ba, domin hoton baƙi da fari da muka daɗe muna gaskatawa shi ma ba launin zahiri yake nunawa ba, sabo ne kurum ya halatta shi.

An nuna aikin Mosse a birnin Banis a 2013, ya ci kyautar ɗaukar hoto ta Deutsche Börse a 2014. Ragowar fim ɗin yau a firji ake adana shi, da ɗan karen tsada. Hikimar kuwa ta koma taurarin ɗan Adam, waɗanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke auna ciyawar makiyaya da su, har da ta kwarin Tarka.