Cocin Prejmer: ganuwar da masu ita suka tafi suka bari

A wannan makon za mu leƙa ƙauyen Prejmer, kusa da birnin Brașov a yankin Transilbaniya na ƙasar Romaniya.

A ƙarni na 12 Sarki Géza II na Hangari ya gayyato Jamusawa manoma da masu sana'a su zauna a bakin iyakarsa su tsare ta. Su ake kira Sakson. A 1211 Sarki Andrew II ya ƙaro mayaƙan Teutonic, su suka kafa harsashin cocin Prejmer kafin a kore su a 1225. Mongol suka afka wa yankin a 1241, Turkawan Usmaniyya kuma a 1421. Ƙauyen yana kusa da mashigar duwatsun Buzău, duk rundunar da ta ɓullo ta nan da shi take fara cin karo.

Kewaye gari gaba ɗaya ya fi ƙarfin manoma, sai suka kewaye cocinsu. Ganuwar ta kai mita 12 a tsayi. A jikinta ta ciki suka gina ɗakuna sama da 270, hawa huɗu, kowane ɗaki da lambar gidan masu shi. Lokacin zaman lafiya rumbu ne na hatsi da nama, in yaƙi ya taso ya zama gida. Har ɗakin karatun yara akwai. Sau ɗaya tak aka ci ganuwar, a 1611, lokacin Gabriel Báthory.

Abin da takobi bai yi ba, buɗe iyaka ya yi shi. Bayan faɗuwar Ceaușescu a 1989, yawancin Sakson suka kwashe zuwa Jamus. A 1999 UNESCO ta sa Prejmer cikin jerin kayan tarihi na duniya, ɗaya daga ƙauyuka 7. Yau masu yawon buɗe ido ke hawa matakalan katako, suna bin lungun tsaro da ya zagaye ganuwar. Kuɗin tikitinsu na taimakawa wajen gyaran rufi, amma ba ya dawo da iyalan da lambobin nan ke nufi.

In za mu rubuta tarihin irin wannan wuri, kada mu tsaya ga tsayin bango. Mu tambayi wa ya ajiye hatsinsa a ɗaki mai lamba kaza, kuma ina jikokinsa suke yanzu.