Filin da Kowa Ya Ƙi: Asalin Rawar da Siginar Wi-Fi Ke Yi a Gida

Idan sigina ta fara rawa ana tsakiyar taron ofis ta bidiyo, kamfanin da ya sayar da data ne ke fara shan zagi, sai kuma rautar da ke kan tebur. Wasu kan sauya layi, wasu su sayi sabuwar na'ura, bayan mako biyu matsalar ta dawo yadda take. Sau da yawa ba abin da ya lalace. Wi-Fi yana yin abin da aka gina shi ya yi ne, a cikin filin da aka yanka masa tun kafin a haifi yawancin masu amfani da shi.

A shekarar 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon a Amurka, Percy Spencer, yana aiki kusa da na'urar rada sai ya lura alewar da ke aljihunsa ta narke. Daga nan aka samo tukunyar ɗumama abinci ta maikurowef. Ta farko da kamfanin ya fitar a 1947 ta kai tsayin mutum, nauyinta ya haura kilo 300. Injin irin wannan yana zubar da igiyoyin rediyo ko ba a so, don haka dole a nema masa wurin da ba zai dami kowa ba. A taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da aka yi a Atlantic City a wannan shekarar, aka keɓe wasu zanguna domin injinan masana'antu, na kimiyya da na asibiti, ciki har da zangon da ke kewaye da megahaz 2450. Ba don magana aka ware su ba. An ware su ne don hayaniya, kamar yadda gari ke ware bayan ganuwa ga marina da majema. Injiniyoyi suka riƙa kiransu zangunan shara, kuma kusan shekara arba'in ba wanda ya yi sha'awar gina gida a can.

Mutumin da ya ga amfanin jujin shi ne Michael Marcus, injiniya a hukumar sadarwa ta Amurka, FCC. A lokacin, kusan duk mai son watsa wani abu ta iska sai ya nemi lasisi, a yanka masa zangonsa shi kaɗai. Marcus ya kawo shawarar a buɗe zangunan sharar ga kowa, ba lasisi, muddin na'urar tana amfani da dabarar baza saƙo a faɗin zango, wadda sojoji suka daɗe suna riƙe da ita don kauce wa masu toshe sadarwa. A watan Mayun 1985 hukumar ta amince: megahaz 902 zuwa 928, da 2400 zuwa 2483.5, da 5725 zuwa 5850, da ƙarfin da bai wuce wat ɗaya ba.

Sharaɗin da ya zo da wannan kyauta shi ne ginshiƙin labarin. Na'urar da ba ta da lasisi ba ta da ikon damun mai lasisi, kuma wajibi ne ta haƙura da duk wani katsalandan da ya same ta, ko da zai hana ta aiki. Har yau ana buga wannan jimla a takardar da ke cikin kwalin na'urori da yawa, takardar da kusan ba mai karantawa. Kamfanin waya da ya biya maƙudan kuɗi ya sayi zango yana da hukumar da zai kai wa ƙara idan an shiga gonarsa. Mai rauta a falo ba shi da ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai a nan ba a cika gaya wa mai saye cewa rariya ce ba.

Waɗanda suka fara tarewa a filin ba su da tunanin gidajen mutane ko kaɗan. Kamfanin NCR mai ƙera injinan karɓar kuɗi na kantuna yana son haɗa injinansa ba tare da an fasa daɓe an ja waya ba. Injiniyoyinsa da ke kusa da Utrecht a ƙasar Holan suka fitar da WaveLAN a 1990, kuma ɗaya daga cikinsu, Vic Hayes, ya shugabanci kwamitin IEEE mai lamba 802.11 tun daga wannan shekarar. Sai da aka kwashe shekara bakwai ana ja-in-ja kafin ƙa'idar farko ta fito a 1997, da gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 ta kai megabit 11, wani kamfanin raɗa wa haja suna ya ƙirƙiro kalmar Wi-Fi, a watan Yulin shekarar kuma Steve Jobs ya ɗaga kwamfutar iBook a kan dandali a New York, ya zura ta cikin zoben wasa tana kan intanet, don kowa ya ga babu waya. Daga ranar abin ya shiga gidaje.

Ya shiga ne da wata ɗabi'a da ya gada daga tsibiran Hawaii. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa suka haɗa kwamfutocin jami'ar da ke warwatse a tsibirai ta rediyo, a tsarin da suka kira ALOHAnet: kowa ya yi magana lokacin da ya ga dama, idan biyu suka yi karo, kowanne ya jira ɗan lokacin da ya zaɓa da ka, ya sake. Ethernet ta waya ta ɗauki wannan tunani ta gyara, domin a waya na'ura tana iya jin karon yayin da yake faruwa. A iska ba haka ba ne. Muryar na'urar da ke watsawa tana toshe mata kunne. Saboda haka Wi-Fi yake saurarawa tukuna, in ya ji shiru ya aika, sannan ya jira a amsa masa cewa saƙo ya iso. In ba a amsa ba ya maimaita, in abin ya ci gaba ya rage gudu. Zaman majalisa ne da mutum ɗaya kawai ke magana a lokaci guda, kuma majalisar ba ta san katangar gida ba. Rautar maƙwabci da ke kan tasha ɗaya da taka tana cikin layin. Tsohuwar wayar da ke can ƙuryar ɗaki, wadda da kyar take ji, tana magana a hankali kamar dattijo mai dogon bayani, kowa kuma sai ya jira ta gama.

Filin kansa ƙarami ne. Faɗinsa megahaz 83.5, an raba shi tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka, tazarar megahaz 5 tsakanin kowace biyu, alhali kowace tana cin kusan megahaz 20. Uku kaɗai ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Wanda ya zaɓi tasha ta 3 don ya ga ba kowa a kanta ya jawo wa kansa hayaniyar masu 1 da masu 6 gaba ɗaya, kuma hayaniya ce da na'urarsa ba za ta iya yin layi da ita cikin tsari ba. Ga Bluetooth yana tsalle sau 1600 a daƙiƙa a cikin filin. Ga tukunyar Spencer, mai gidan asali, tana aiki da ƙarfin ɗaruruwan wat. Ɗan abin da ya tsiyaya ta ƙofarta ya isa ya danne rautar da ƙarfinta bai kai wat ɗaya ba. A 2012 kamfanin Intel ya wallafa bayanin cewa hatta mahaɗar USB 3.0 tana zubar da hayaniya a wannan zangon, abin da ya kamata mai jona faifan ajiya a jikin rauta ya sani.

Akwai kuma rawar da ba ruwanta da maƙwabci. Tsawon igiyar gigahaz 2.4 kusan santimita 12 da rabi ne. A cikin ɗaki saƙon yana dukan bango, da firji, da ƙofar ƙarfe, ya iso wayar ta hanyoyi da yawa, wani kwafin a makare. Inda kwafin suka dace sai su ƙarfafa juna, inda suka saɓa sai su kashe juna, kuma tsakanin wuri mai kyau da mataccen wuri bai fi faɗin tafin hannu ba. Shi ya sa buɗe ƙofa, ko wucewar mutum, wanda yawancin jikinsa ruwa ne mai shanye waɗannan igiyoyi, ke iya sauya sigina alhali wayar tana ajiye. Wannan amsa-kuwwa ce ta tsaya wa masu neman gudu a wuya. Ɗaya daga cikin mafita ta fito ne daga hukumar bincike ta Ostireliya, CSIRO, inda John O'Sullivan, masanin taurari ta rediyo da ya taɓa neman alamun fashewar ƙananan baƙaƙen ramukan sararin samaniya bai samu ba, ya juya lissafinsa zuwa cikin ɗaki: a yanyanka saƙo zuwa ƙananan rafuka masu yawa da ke tafiya a hankali a jere, yadda jinkirin amsa-kuwwa ba zai rikita su ba. Amurka ta ba su takardar mallaka a 1996, daga baya suka karɓi sama da dala miliyan 400 daga manyan kamfanoni bayan shari'o'i. Masu suka na cewa tushen dabarar ya girmi aikinsu, tun binciken Robert Chang na Bell Labs a 1966, kuma suna da hujja. Ƙa'idar 802.11n ta 2009 ta ƙara gaba, ta sa eriya da yawa su mayar da amsa-kuwwar hanyoyin aika saƙo. Ƙahonnin da ke kan rauta aikinsu ke nan.

Sandunan da ke saman fuskar waya su ne shaidar da ta fi yaudara. Ƙa'idar ba ta faɗi abin da sanda uku ko huɗu ke nufi ba, kowane kamfani da nasa awon. Suna nuna ƙarfin muryar rauta ne kawai, ba su san cunkoson majalisa ba, ba su kuma san ko rautar tana jin amsar wayar ba, wadda muryarta ta fi rauni. Awon da ya fi gaskiya shi ne na dBm: kusa da -50 lafiya lau, wajen -67 ana iya kiran bidiyo, daga -80 sai addu'a, kuma kowane ragin 3 rabin ƙarfi ne ya tafi. A gidaje da yawa na Kano, Kaduna ko Abuja, inda rautar kanta da layin waya take ɗauko intanet, tafiyar ƙafa biyu ce: daga waya zuwa rauta, daga rauta zuwa turken kamfani. Sanduna na iya cika fal a ƙafar farko alhali ta biyu ce ta karye. Jona kwamfuta da rautar ta waya na minti biyar yana raba gardama: in rawar ta ci gaba, laifin yana waje, in ta tsaya, sai a dubi inda aka ajiye rautar, da tashar da take kai, da adadin bangon bulo da rodi da ke tsakani.

Maganin da hukumomi suka fi komawa gare shi tun 1985 shi ne ƙarin fili. Zangon gigahaz 5 yana da tashoshi da yawa, amma wani ɓangarensa na rada ne, har da ta hasashen yanayi, kuma doka ta tilasta wa rauta ta tashi daga tashar da zarar ta ji alamar rada; wasu katsewar da ake gani ba dalili daga nan suke. A watan Afrilun 2020 FCC ta sake buɗe megahaz 1200 a zangon gigahaz 6, fili da ya ninka na asali fiye da sau goma sha huɗu. Sai dai gwargwadon hawan zango, gwargwadon raguwar nisan da sigina ke kaiwa da ƙarfinta na ratsa siminti, don haka wayar da ta shige ɗaki na uku takan saki sabon filin da kanta, ta koma gigahaz 2.4.