Kuɗin jinya: wa ya fi ɗaukar nauyinsa?

Kuɗin jinya shi ne duk abin da iyali ke kashewa idan wani nasu ya kwanta ciwo. Akwai kuɗin ganin likita, da na magani, da na mota, da abincin mai jinya. Akwai kuma kwanakin aiki da ake rasawa.

Talaka da mai hali

Farashin magani ɗaya ne ga kowa, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne. Misali, an rubuta magani na jika 6. Mai samun jika 300 a wata ba zai ji komai ba. Mai samun jika 30 kuwa, kashi ɗaya cikin biyar na samunsa ya tafi. Shi ya sa talaka ke sayar da akuya ko hatsi, ko ya ci bashi. Wani kuma sai ya jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya tsananta, kuɗin ya ƙaru. Abin ya fi muni da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawa, rumbu kuma ya ƙare.

Ƙabila da nisa

A asibitin gwamnati ba a sa wa mutum farashi don ƙabilarsa. Bambancin yana cikin nisa. Makiyaya, kamar Fulani da Buzaye da Tubawa na arewacin Tahoua, da Agadez, da Diffa, sukan yi doguwar tafiya kafin su kai cibiyar lafiya. Wani lokaci kuɗin mota ya fi na magani. Wanda ba ya jin harshen ma'aikaci kuma yana buƙatar tafinta.

Abin da doka ta tanada

Bayan Shirin Bamako na 1987, Nijar ta kafa dokar biyan kuɗin jinya a 1995. A 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Sai dai jinkirin biyan cibiyoyi ya sha jawo ƙarancin magani, iyaye su saya a waje. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta.

Shawara

Ku tambayi ma'aikaci abin da yake kyauta. Ku nemi takardar shaida kan duk kuɗin da kuka biya. Ku kai maras lafiya da wuri. Ku shiga asusun taimakon juna tun ana lafiya, don ciwo ba ya sallama.