Linzami a Ƙasar Katsina: Asalinsa da Sauye-sauyensa

Wannan takarda za ta duba wani ɗan ƙarfe da ake samu a rumfunan masu kayan doki a Babbar Kasuwar Katsina, wato linzami, domin a cikinsa akwai tarihin yaƙi da sarauta da wasa.

Kalmar kanta daga Larabci ta zo, "lijam", kamar yadda "sirdi" da "likkafa" suka zo. Wannan shaida ce cewa kayan hawa sun biyo ayarin fatake ta Hamada, kuma Katsina na daga manyan zangunan wannan ciniki kafin jihadi ya kai ta a 1807, kasuwa ta karkata zuwa Kano.

Linzamin gargajiya da maƙeranmu ke ƙerawa yana da harshen ƙarfe wanda ke kwance a bakin doki, da zobe mai kewaye haɓa. Idan mahayi ya ja kamazuru, sai harshen ya tashi ya daki ganɗa, zoben kuma ya matse muƙamuƙi. Barde mai riƙe da mashi da garkuwa yana bukatar dokin da zai tsaya cik da jan hannu ɗaya. Wannan ita ce zamiyar da har yau ake gani wajen jahi a Ƙofar Soro ranar hawan salla.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo wani iri: ƙarfe mai gaɓa a tsakiya, da zobe a kowane gefe. Shi ba ya ninka ƙarfin hannu. Gwargwadon jan mahayi, gwargwadon abin da zai isa ga leɓe da harshe da dasashi. Sukuwa da wasan folo, wanda Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944) ya kafa a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo (1944–1981) kuma ya yi fice a cikinsa, su suka sa Katsinawa suka saba da linzaman Turai.

A ƙarshe, abin lura shi ne linzamin yaƙi ya wanzu bayan yaƙin ya ƙare. A hannun gwani ba ya cutarwa, amma a hannun ɗan koyo yakan fasa bakin doki har jini ya zuba. Saboda haka ya kamata a fara horar da doki da mai gaɓa, a kuma rubuta ilmin tsofaffin maƙera tun suna raye.