Wasannin jami'o'in Amurka: yadda ɗalibai suka fara cin guminsu

Ƴan uwanmu da ke zaune a Amurka sukan ba da labarin cewa ɗan wane ya samu gurbin karatu a jami'a saboda ya iya ƙwallo, har ana biyansa. A nan gida, mai jin haka sai ya yi shakka: ɗalibi kuma da albashi? Maganar gaskiya ce, amma sabon abu ne, kuma ba kowa ya shafa ba.

A wurinmu yaro yakan taso daga filin unguwa, wani kulob ya ɗauke shi. A Amurka hanyar ta makaranta take bi: lise, jami'a, sannan manyan gasanni. Uku ne suka fi suna: NFL ta ƙwallon da su suke kira futbol (ba tamaularmu ba ce, da hannu ake rungumarta a ruga), mai ƙungiyoyi 32, NBA ta ƙwallon kwando, wato basket, mai 30, sai MLB ta besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, ita ma 30. Kowace shekara ƙungiyoyin kan zauna su zaɓi sabbin ƴan wasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne kan gaba a layi. NFL ba ta ɗaukar yaro sai ya shekara uku da gama lise, NBA sai ya kai shekara 19. Besbol ce ke iya ɗauka kai tsaye daga lise, ta tura shi ƙananan ƙungiyoyinta ya goge.

Shi ya sa wasan jami'a can ba wasan yara ba ne. Filin jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, wato kusan filin Janar Seyni Kountché na Yamai sau uku. A 2010 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta sayar wa gidajen talabijin damar nuna gasar basket ta watan Maris a kan dala miliyar 10.8 na shekara 14. Masu horarwa suna kwasar miliyoyi. Shi kuwa yaron da ake taruwa don a kalle shi, abin da doka ta yarda masa a wancan lokacin shi ne karatu, ɗaki da abinci kyauta. A lokacin, in ya karɓi kuɗi don ya sa hannu a riga, ana iya dakatar da shi.

Wani tsohon ɗan basket na jami'ar UCLA, Ed O'Bannon, shi ya fara jan zaren. Ya ga kamanninsa a cikin wasan bidiyo ana sayarwa, ko dala ɗaya ba a ba shi ba, sai ya kai ƙara a 2009. A watan Yunin 2021 kotun ƙolin ƙasar, alƙalanta tara baki ɗaya, ta kayar da NCAA a wata shari'ar daban. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar ɗalibai su yi talla da sunansu da hotonsu su karɓi kuɗi. Sai kuma ranar 6 ga Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da wani sulhu: za a biya ƴan wasan da aka hana tun daga 2016 kusan dala miliyar 2.8 cikin shekara goma, kuma jami'a da kanta tana iya raba wa ƴan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A kuɗinmu ya haura sefa miliyar 10.

Gardamar da ake yi yanzu ke nan. Wasu na cewa an lalata wasan, tunda an sassauta dokar sauya makaranta, yaro yana iya tashi kowace shekara ya bi inda aka fi tayi. Mu dai a ganinmu, masu horarwa sun daɗe suna yin haka ba wanda ya ce uffan. Abin da ya fi cancantar a duba shi ne rabon: a manyan jami'o'i kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin futbol ke cinyewa, basket na maza ya biyo baya da nisa, besbol da wasannin mata su raba ɗan abin da ya rage. Ƙananan jami'o'i da yawa ma ba su da abin rabawa.

To ga inda ya shafe mu. Yaron da aka haifa can, ɗan ƙasa ne, yana iya karɓar wannan kuɗi. Wanda ya tashi daga Maraɗi ko Damagaram da bizar ɗalibi, wadda ake kira F-1, dokar shige da fice ta taƙaita masa aikin kuɗi a cikin ƙasar, kuma talla tana iya shiga layin aiki. In ya yi ganganci yana iya rasa bizar, karatun ma ya tafi. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango Kinshasa da aka zaɓa gwarzon basket na jami'o'i a 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je tsibirin Bahamas sannan ya samu damar yin tallace-tallacensa a can, wajen iyakar Amurka. Don haka duk wanda aka miƙo wa ɗansa takardar kwantiragi, kada a sa hannu sai an nuna wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar, ko lauyan da ya san harkar biza.

Sannan a sani, bisa lissafin NCAA da kanta, ƴan wasan jami'a da ke kaiwa ga manyan gasanni ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran da takardar digiri suke fita neman abinci, in sun tsaya sun gama.