Ziyarar Ghana A Kan Sawun Fataken Gwanja

Duk lokacin da aka yi wa yara dogon hutu, za ka ji wasu daga cikinmu na shawarar inda za su kai iyali buɗe ido, kuma sunan Ghana ba ya ɓacewa a cikin hirar, saboda kusa take, ga shi ba a neman biza. Abin da na lura da shi shi ne, yawanci a Accra ake sauka, a zaga kasuwa da bakin teku, a juyo gida. To ni a ganina duk Bahaushen da ke zaune a Agege ko Shagamu ko Sabon Badun, in zai je Ghana, kamata ya yi ya jera garuruwan da zai ziyarta yadda tarihi ya jera su, wato ya fara daga arewa ya gangaro teku, domin hanyar da goro ya bi ke nan har ya kawo kakanninmu inda muke zaune yau.

Da farko dai, hanyar mota daga Legas tana bi ta Seme, Kwatano, Lome, sannan Aflao, wato iyaka uku ke nan za a ƙetare kafin a shiga Accra, wadda dattawanmu ke kira Ankara. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan yankin yana da damar zama har kwana 90 ba biza, amma dole a riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. A kwana ɗaya a Accra a huta, kada a tsaya yawo tukuna, washegari a wuce Tamale, ko a jirgin sama na kimanin awa ɗaya, ko a bas a yini a hanya.

Daga Tamale sai Salaga, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. Nan ce Gwanjar da muke ji a bakin tsofaffi. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu da Yendi, su yi watanni kafin su iso. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi suna a wannan fatauci. Sukan kawo kanwa da tufafin rini da kirgi, su koma da goron da ya fito daga dazukan Asante, domin sarakunan Kumasi ba sa barin baƙin arewa su shiga daji su saya da kansu, sai dai a haɗu a Salaga. Amma kada mu ɓoye wa yaranmu ɗaya ɓangaren: Salaga babbar kasuwar bayi ce kuma, har yanzu akwai tsofaffin rijiyoyi da wurin da ake wanke bayi kafin a fitar da su kasuwa, sunan wurin ma da Hausa yake. Wanda ya je ya ji labarin goro kawai, rabin tarihi ya ɗauko.

Abu biyu ne suka karya Salaga. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, goro ya daina zuwa kamar da. Sannan a 1892 aka yi yaƙin basasa kan sarautar Kpembe, garin ya watse, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kintampo da Kete-Krachi da sauran wurare. Cikinsu har da Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano, shahararren malami kuma marubuci, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Tsohon garin Krachi kuwa ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, don haka ban ga dalilin sa shi cikin tafiyar mako guda ba.

Zango na gaba shi ne Kumasi. Ana iya komawa Tamale a biyo babban titi ta Kintampo da Techiman, ko a ƙetare tafki a jirgin fito daga Makango zuwa Yeji, sai dai wannan yana son haƙuri da jiran lokaci. Bayan da Turawa suka kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896, suka kuma murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, ƙofar da aka daɗe da rufewa ta buɗe, Hausawa suka shigo tushen goron suka kafa babban zango. A ba Kumasi kwana biyu: ɗaya don gidan tarihi na fadar Manhyia da kasuwar Kejetia, ɗaya don zango, a gaida malamai da dattawa, a ji irin Hausarsu.

Daga nan a gangara Cape Coast da Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482. Kurkukun da ke ƙarƙashin waɗannan gine-gine su ne ɗaya bakin cinikin da aka gani a Salaga, kuma yaro zai fi gane su in ya riga ya ga rijiyoyin can.

Sai a ƙare a Accra, kilomita 150 ko ƙasa da haka daga Cape Coast. A nan ne labarin ya haɗu da namu. Sojojin Hausa da Glover ya tara a Legas a 1863 an kai su yaƙin Asante, wasunsu suka zauna a can. Daga ƙarshen ƙarni na 19 goro ya fara bin jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan safara. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, jakuna suka rasa aiki, Yarabawa suka shiga noman goro sosai, unguwannin Hausawa suka bunƙasa a bakin tashoshi, aka kafa Sabon Badun a 1916. A ziyarci Sabon Zongo na Malam Baƙo, da Nima, da babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021.

In kun zauna da dattawan Nima, ku tambaye su abin da ya faru a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, har mutanen da aka haifa a zango suka rasa gidaje da shaguna. Su ma za su tuna muku 1983, da gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu, ya kamata yaranmu su ji wannan daga bakin waɗanda abin ya shafa, su san muhimmancin takardar fili da ta shaidar ɗan ƙasa, da kuma zaman lafiya da masu gari.

Jimilla kwana tara ya isa, kuma lokacin hunturu ya fi dacewa saboda hanyoyin arewa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.